Yadi Ɗayan da Na Auna a Danau Kota

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur, wata ƙungiyar ƙwallon Amurka da ban san ko ta ina garinsu yake ba ta kusa sa a haɗa mini kayana a maido ni Kano. Jiya wata 'yar'uwa ta turo mini saƙo, ta ce ta faɗi jarrabawa, ta gaji, za ta bar karatu. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin nan.

Waɗanda suka daɗe da ni a shafin nan sun san ban taɓa zama a aji ba sai da na kai shekara ashirin da tara, da 'ya'yana huɗu. Kafin nan atamfa da leshi da yadi nake sayarwa a cikin gida, sana'ar da na tashi na tarar mahaifiyata tana yi. Daga ajin yaƙi da jahilci na fara, na yi ta jan ƙafa har na zama malama a wata kwaleji, har gwamnati ta ɗauki nauyina zuwa Malesiya ina da shekara arba'in da bakwai. A ajinmu ni ce babba. Malamin ma da zan ba ku labarinsa na girme shi.

Kowane kwas na iya kokawa da shi, ban da na ƙididdiga. Zangon farko ya kayar da ni warwas. Takardar da na sa wa hannu kafin in bar gida kuwa ba ta da kwana-kwana: wanda ya faɗi kwas ɗaya sau biyu an janye masa tallafi, ya koma inda ya fito. Ni kuma ranar tafiyata matan unguwarmu har filin jirgi suka raka ni, cikinsu akwai waɗanda saboda ni suka shiga ajin manya. Da wane ido zan kalle su in na dawo da akwati ba takarda?

Zango na biyu aka canza mana malami. Ɗan Malay ne, gajere, mai fara'a. A Amurka ya yi karatu, a can kuma ya kamu da son wata ƙungiya ta ƙwallonsu. Ba irin tamu ta ƙafa ba, waccan da ake sa hular kwano, mutum ya rungume ƙwallo mai siffar gwanda ya ruga, ƙattai su bi shi su danne. Kofin shayinsa da tambarin ƙungiyar, jakarsa da tambarin. Kuma yana da wani miki a zuciya, wata kakar wasa da ta wuce shekara biyu kafin zuwana. Ƙungiyar ta fara da cin wasa bayan wasa har magoya baya suka soma maganar kofi, sai a rabin ƙarshe komai ya zube. A wurinsa laifin mutum ɗaya ne, kocinsu. Ko misalin lissafi zai ba mu sai ya ratsa ta kansa. "Matsoraci ne, lah," haka yake cewa yana girgiza kai, da "lah" ɗin da mutanen can ke liƙa wa ƙarshen magana.

To, a kan wannan kakar ya ba mu aikin da ke ɗauke da rabin makin kwas ɗin. Ya raba mu uku-uku, ya ba kowane rukuni jadawalin duk abin da ya faru a wasannin, layi-layi, lamba kan lamba. Tambayar ɗaya ce: me ya kayar da su? Ranar ƙarshe kowane rukuni zai fito gaban aji, shi kuma zai ware kowa ya yi masa tambayarsa shi kaɗai.

Ni aka haɗa ni da wani ɗan garinmu, matashi ɗan shekara talatin da wani abu mai kan lissafi, da wata yarinya 'yar Malay mai sanyin murya wadda ke kirana Makcik, wato gwaggo a yarensu. Muka haɗu a shagon mamak da ke ƙasan gidanmu a unguwar Danau Kota, inda ake sayar da shayi da gurasarsu. Ɗan garinmu ya buɗe kwamfuta, ya juyo mini da ita.

"Anti, ki kwantar da hankalinki. Na riga na gano abin. Mu za mu yi aikin, mu sa sunanki, in rubuta miki abin da za ki haddace. Ke dai ki sa mana albarka."

Na ajiye kofina. Na ce, "Ɗan nan, ni aka turo karatu ko sunana?"

"Ba haka nake nufi ba, Anti."

"Haka kake nufi, kuma na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Amma in ya ɗauke ni daga kan haddar fa, ya jefo mini wata tambaya? Kai za ka shigo bakina ka amsa? Fara koya mini wasan tukuna."

Ya yi ajiyar zuciya, ya jera cokula a kan tebur. Ya ce filin yadi ɗari ne. Wanda ƙwallo ke hannunsu ana ba su dama huɗu su ci yadi goma gaba. In sun ci, a sake ba su huɗu. In suka gaza a ta huɗun, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya a nan inda aka tsaya. Shi ya sa sau da yawa in an zo ta huɗu sai su fasa, su buga ƙwallon nesa, su huta da kasada.

Na ce, "Tsaya. Yadi nawa ka ce?"

"Goma."

"Yadi irin na atamfa?"

"Shi dai, Anti."

"Turmi ɗaya da yadi huɗu ke nan."

Ya kalli yarinyar, yarinyar ta kalle shi. Ni kuwa wani abu na ji ya saki a ƙirjina. Tun da na fara kwas ɗin nan, ranar ce lamba ta farko da na san tsawonta a hannuna.

Abin da shi ya gano shi ne, a farkon kakar in an zo dama ta huɗu saura yadi ɗaya, ƙungiyar takan dage ta kutsa. A rabin ƙarshe kuwa, ga lamba ɗayan nan dai a jadawali, amma sai su buga ƙwallon su bayar. Ke nan koci ya tsorata. "Daidai da abin da Malam yake faɗa kullum," in ji shi. "Mu miƙa masa abin da yake son ji, mu karɓi makinmu, kowa ya huta."

Ban yi masa musu ba, don ban da abin musu. Na dai ce ni ba na sayar da kayan da ban warware na gani ba. Washegari na je ofishin malamin na roƙi bidiyon wasannin. Mutumin nan kamar na yi masa bushara. Ya zuba mini su kaf a filashi, har ƙofa ya rako ni.

Haka na koma kallon ƙwallon Amurka da tsufana. Kullum in na idar da sallar Asuba sai in haɗa shayi in zauna gaban kwamfuta har lokacin fita aji. Kwana uku na farko ban ga komai ba sai ƙattai na faɗa wa juna. A hankali na fara gane wa ke tura wa, wa ke jifa, wa ke gudu. Kafin mako ya zagayo na zama 'yar ƙungiya. Wata Asabar da la'asar 'yata ta kira ni daga gida, ta same ni ina ihu, "Ruga mana! Kai wannan wane irin malalaci ne!"

Ta ce, "Umma, da wa kike faɗa?"

Na gaya mata.

Ta yi dariya har wayar na rawa. "Umma, wasan da aka gama shekara biyu? Ko kin fasa maƙogwaro ba zai ruga ba."

Na ce ta bar ni, ni yau na gani.

Amma ba 'yan wasan ne suka fi ɗaukar hankalina ba. Wasu mutane ne a bakin fili, riƙe da sanda biyu da sarƙa a tsakaninsu, tsawonta yadi goma cif. In aka yi shakkar ko ƙwallo ta kai, sai a tsayar da komai, su shigo, su ja sarƙar ta miƙe, dubban mutane su yi tsit ana jiran awo. Na ce lallai waɗannan 'yan'uwana ne. A wani wasa na farkon kakar suka auna, alƙalin wasa ya ɗaga yatsu biyu ya nuna abin da ya rage, bai kai ɗani ba. Na tsayar da bidiyon, na duba jadawali. An rubuta ɗaya. A wani wasa can gaba na ga tazarar da idona, yadi ne cikakke har da ɗoriya. Na duba jadawali. Ɗaya.

Wallahi raina ya ɓaci kamar ni aka cuta. A tsakar gidan mahaifiyata ɗani daban, kamu daban, yadi daban. Ɗani daga babban yatsa zuwa manuni, kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ki rage wa mace ɗani ɗaya a zani ki ga in ba ta dawo miki da shi tun kafin Azahar ba. Su kuma ga shi sun tattara duka sun kira shi ɗaya.

Na ɗauko tef ɗin awona, wanda har yau ba ya barin jakata. Filin nasu yana da ƙananan fararen zane a kan kowane yadi. Sai in tsayar da hoto, in auna tsakanin zane biyu da ke kusa da ƙwallon, in auna abin da ya rage musu, in kwatanta. Na ja layi uku a littafina: ɗani, kamu, yadi. Kada ku tambaye ni awa nawa na ɓata. Na cinye rabin wasannin daga farko har ƙarshe kafin yarinyar nan ta nuna mini cewa jadawalin yana ɗauke da lokaci, ana iya tsallakawa kai tsaye zuwa wurin da ake so. Ta rufe baki tana dariya, "Makcik, duka kike kallo?" Na ce duka, har da tallan mota.

Da na gama na zauna na kalli littafin. Na farkon kakar, yawancinsu a layin ɗani suke. Na rabin ƙarshe, yawancinsu a layin yadi. Ashe kocin bai canza ba. In abin kusa ne yana kutsawa, in da nisa yana bayarwa, tun farko har ƙarshe. Abin da ya canza shi ne ƙungiyar ta daina matsowa kusa, kuma na ga lokacin da hakan ya fara, bayan an fitar da biyu daga cikin ƙattan gaba da rauni.

Na kai musu littafin a shagon mamak. Ɗan garinmu ya daɗe yana juya shafukan. Da ya ɗago, babu wasa a fuskarsa.

"Anti, kin san me kike shirin yi? Za ki tsaya gaban mutumin nan ki ce masa shekara biyu yana zagin bawan Allah a banza. Ni in ransa ya ɓaci ya rage mini maki, zan wuce duk da haka. Ke fa? Ke ba ki da wata damar."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta shige ni.

Ya ƙara da cewa, "Sannan idonki ne kawai. Wa zai yarda da tef a kan allon kwamfuta?"

Wannan ta biyun ita na iya amsawa. Mahaifiyata in mai saye ta yi shakkar awonta, ba ta rantsuwa. Maƙwabciya take aikawa a kira, a miƙa mata yadin ba tare da an gaya mata nawa aka samu ba, ta auna da kanta. Na ce wa yarinyar ta ɗauki tef ɗin, kada ta buɗe littafina, ta je ta yi nata. Ta ce, "Boleh, Makcik," wato za ta iya. Bayan kwana huɗu ta dawo. Muka jera nata da nawa, suka yi daidai sai a wurare kaɗan. Waɗannan na zagaye su da jan biro. Ta buɗe littafin kwas ɗin ta nuna mini wani babi da ban taɓa fahimta ba. Ashe abin da maƙwabciyarmu take yi a tsakar gida da goyo a bayanta yana da suna a littafin jami'a.

Maganar farkon ce ta ci gaba da cina. Kwana biyu ina shiga jirgin ƙasa zuwa aji ina juya ta, har na taɓa wuce tashata. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na ji tsoro. Na hango kaina ina sauka a Kano, matan nan suna mini sannu da zuwa suna kallon ƙasa. Amma duk ta inda na juya abin, wuri ɗaya nake dawowa. In na tsaya na faɗi lissafin wani, tambaya ɗaya za ta tona ni. Abin da na auna da hannuna kuwa, ko daga barci aka tashe ni zan kare shi. Kuma ni ban taɓa auna abu in faɗi akasinsa ba don mai saye ya ji daɗi.

Na gaya wa ɗan garinmu haka. Ya shafa kai, ya ce, "To Anti, in za mu mutu, mu mutu da tsari." Ya ɗauki layukana uku ya gina lissafi a kansu, ya zaunar da ni mako guda yana sa ni in yi shi da biro, in ɓata ya ce in sake. Wata rana na fusata na ture takardar. Ya turo mini ita a hankali, ya ce, "Ke kika ce ba sunanki aka turo ba." Na harare shi, na ɗauki biron.

Ranar gabatarwa na shiga aji da turmin atamfa a leda. Rukunoni uku suka riga mu, dukansu suka ce koci matsoraci ne, malamin yana ta gyaɗa kai kamar ana masa kirari. Da aka zo kanmu na warware atamfar, yarinyar ta riƙe baki ɗaya. Na kama daga kan hancina zuwa ƙarshen yatsana, na ce wannan yadi ne. Aji ya fashe da dariya. Na bari suka gama. Na buɗe yatsu biyu a kan zanin, na ce wannan ɗani ne. Da Turancina mai tuntuɓe na ce, "Malam, jadawalinka duka biyun ɗaya ya kira su."

Dariyar ta tsaya. Muka nuna layukan, muka nuna awon yarinyar, muka nuna wuraren jan biro inda muka saɓa. Malamin ya harɗe hannu a ƙirji, fara'ar nan duk ta tafi.

Ya ce, "Wato kina cewa na yi kuskure."

Na ji ɗan garinmu ya ja numfashi a bayana. Na ce, "E, Malam. Amma takardar ce ta fara ɓoye maka gaskiya."

"Kyamara tana karkata. In ta karkata, awonki ya lalace."

Na ce shi ya sa ban yarda da tef ɗin shi kaɗai ba, da zanen da ke kusa da ƙwallon nake kwatantawa, kuma inda hoton ya karkace da yawa na cire shi gaba ɗaya, ga jerinsu a shafin baya. Ya karɓi littafin ya duba. Sai ya miƙo mini alƙalamin allo.

"Yi mini lissafin. Ke kaɗai."

Na karɓa na fara. A layi na uku na ɓata. Na gani da kaina, na tsaya, ajin shiru har ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Na goge da gefen mayafina, na sake. Na kai ƙarshe, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar kamar yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci.

Ya daɗe yana kallon allon. Can ya zauna a bakin tebur, ya ɗauki kofin nan mai tambari, ya juya shi a hannu.

"Makcik," ya ce, ranar ya fara kirana haka, "shekara biyu ina da wanda nake jin haushi. Kin ƙwace mini shi. Yanzu wa zan zaga?"

Na ce, "Ka zagi mai rubuta ɗaya."

Shi ya fara dariyar, sannan aji ya ɗauka.

Kada ku zaci daga nan na zama gwanar ƙididdiga. Jarrabawar rubutu ta sake wahalar da ni. Da aka haɗa makin duka, da ɗani na tsallake, ba da yadi ba. Amma takardar sakamakon ma irin jadawalin Malam ce, ba ta da layin ɗani. Ta ce an ci, shi ke nan. A wannan karon ban kai ƙara ba.

Abin da ya fi zama mini a rai har yau ba makin ba ne. Tun da na shiga makaranta nake ɓoye shekarun nan ashirin da tara kamar abin kunya. In ana hirar wa ya yi wace firamare sai in kama duba jakata. Na ɗauka kafin in iya riƙe biro ban san komai ba. Sai ga shi a ƙasar da ba tawa ba, a kan wasan da ba nawa ba, abin da ya tsayar da ni a ƙafata shi ne abin da na koya a tsugune gefen mahaifiyata tana jan yadi daga hanci zuwa yatsa. Ba ta taɓa rubuta sunanta ba har ta koma ga Allah. Atamfar nan da na warware a aji ita na ɗinka na sa ranar karɓar takardata.

Ƙungiyar kuwa har yanzu nakan leƙa in ji ya suka yi, 'yata na mini tsiya. Ita ce ma ta gaya mini wai yanzu kyamara ke yin awon, masu sarƙa sun koma gefe. Na ji ba daɗi, kamar an tashi rumfar wasu da na sani.

Ke kuma 'yar'uwata mai saƙon jiya, na karanta duk abin da kika rubuta, kuma na san zafin. Kin ce kin faɗi. Ban musa ba. Amma ba ki gaya mini da nawa ba, kuma ina zargin ke ma ba ki tambaya ba. Gobe ki sa mayafinki ki je ofishin malamin, ki ce a nuna miki takardarki. Ki auna abin da ya rage da idonki, ɗani ne ko yadi. In kin dawo ki rubuto mini, sai mu san ta inda za a kutsa.